Shekara ta Bakwai a Gonar Manga

Jawabin da Saje Aaron Dudu mai ritaya ya yi a taron tunawa da marigayi Bishop Joel Ganya, a harabar coci a Rikoto, Zuru. Iyalin marigayin ne suka buga shi don waɗanda ba su samu zuwa ba.

Iyayenmu bishop-bishop da kuka taso daga nesa da kusa, wakilin Mai Martaba Sarki, hakimai da dagatai, manyan limaman coci da matanku, limaman masallatai da kuka zo kuka zauna tare da mu, 'yan'uwana tsofaffin sojoji, zumuntar mata, mawaƙa da matasa. Sai ke ƙanwata Saloma, wadda duniya take kira Mama Bishop, da 'ya'yana Gladys da Justice, da jikoki: ina gaishe ku duka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Sannunku da zuwa, sannunku da zama cikin rana.

An ce mini minti goma. Na ji, amma ban amsa ba.

Na san da yawa cikinku kun yi mamaki da kuka ga sunana a takardar tsarin taro. Na hangi wasu tsofaffi can baya suna taɓa juna, kuma kuna da gaskiya. Ni ne Aaron, wan Saloma uwa ɗaya uba ɗaya, kuma kowa a ƙasar Zuru ya san ni kaɗai ne ban taɓa buɗe baki na kira marigayi Bishop ba. Shekara hamsin ina kiransa Shida. A kasuwa Shida, a gidan biki Shida, a bakin ƙofar coci ma Shida. Yau zan gaya muku dalili. Zan kuma gaya muku abin da ya sa tun jiya na kasa zama wuri ɗaya, ina ta kai da kawo kamar kurtun da aka ƙara wa igiya.

Ku dubi nan kusa da teburi. Wancan abin da aka lulluɓe da zane, damin dawa ne. Kada kowa ya taɓa shi tukuna. Akwai magana guda da ƙanwata take jira ta ji daga bakina tun tana amarya, ni kuwa na hana ta, har mijinta ya mutu bai ji ba. Maganar tana tare da damin nan.

Baƙinmu na kudu da na Sakkwato da na Kano, bari in yi muku bayani. Mu mutanen duwatsun nan muna da al'adar da ake kira golmo. Saurayi in yana son yarinya, ba daɗin baki zai kawo ba, galma zai kawo. Zai tara sa'o'insa su shiga gonar uban yarinya, su yi masa noma damina bakwai. Yau suna gonar surukin wannan, gobe suna gonar surukin wancan, har kowa ya cika nasa. A gidanmu a ƙauyen Manga kuwa ga yadda muke rufe shi: in an yanke dawar shekara ta bakwai, babban gida, wato dattijon da gida yake hannunsa, zai ɗauki damin farko ya miƙa wa yarinya a gaban jama'a, ya ce, "An cika." Daga ranar tana iya ɗaga kai a cikin mata, don an san darajar da aka ɗauke ta da ita. Yaran yanzu in sun ji wannan sai su yi dariya. Mu a zamaninmu babu abin dariya a ciki.

Joel ya shigo gonar babanmu a daminar 1966. Su goma sha biyu ne, Philip ne shugabansu, shi ke busa musu ƙaho in za a fara aiki. Ga Philip can a sahun gaba da sandarsa. Idanu sun tafi, amma kunne yana nan, in na yi ƙarya zai miƙe. Ranar da na fara ganin Joel, siriri kamar karan dawa, na ce wa Baba, "Wannan ba zai kai ƙarshen wata ba." Washegari na ɗauki galma na tsaya kusa da shi don in kunyata shi a gaban Saloma. Jama'a, kafin rana ta take, ya ba ni ratar kunya uku! Saloma tana gindin ɗorawa tana ɓoye dariya a cikin zane. Ina jin tun ranar na fara jin haushinsa.

Na tafi yaƙi, na dawo hutu a 1971, na tarar da shi yana nan, yana cikin damina ta shida. Saura guda ɗaya tak.

Sai aka kira shi makarantar koyon aikin Allah can wajen Zariya. Gurbi ɗaya ne, kuma aka ce in bai zo bana ba, za a ba wani. Ya zo da safe ya durƙusa gaban Baba. Ku tuna Baba bai taɓa shiga coci ba, mutumin gargajiya ne har ya koma. Ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Ka ce wanda ya kira ka ya fi ni girma. To, je ka. Saloma taka ce, ba zan bar ta ta tsufa a gidana ba. Amma ba zan ce an cika ba, don ba a cika ba." Joel ya ce, "Baba, zan dawo in yi ta bakwai." Baba ya ce, "Gona tana nan."

Aka ɗaura musu aure a coci a 1974, babu dami. Shekarar da ta biyo Baba ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Ya kira ni ya ce, "Aaron, gida ya dawo hannunka. Zancen yaron nan, kada ka yafe masa, kada kuma ka tuna masa. Ka bar shi ya zo da ƙafarsa." Ni soja ne, in an ba ni oda ba na tambayar dalili. Rabin farko na riƙe shi da ƙarfi. Rabi na biyu ne na ɗan yi wa dabara: ban taɓa tuna masa ba, suna kawai na canja masa. Ku yi dariyarku, shi ma haka yake yi. Ranar da aka naɗa shi bishop, manya suna layi suna durƙusawa, ni da na zo gabansa na ce, "Barka, Shida." Ya riƙe hannuna ya ce, "Yaya, ban manta ba."

Amma akwai wadda abin bai taɓa ba ta dariya ba. Matan Manga suna da baki, kun san su, ga su nan zaune suna sunkuyar da kai. A wajen niƙa da wajen ɗiban ruwa sukan ce, "Ga amaryar shekara shida." Saloma ta zama matar limami, ta zama Mama Bishop, ta zauna a kujerar gaba a manyan tarurruka, amma in ta zo gida ana bikin miƙa wa wata yarinya daminta, sai ta ce bari ta duba tukunya, ta wuce bayan madafa. Na gan ta ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Na yi kamar ban gani ba.

Kafin in kai ku gonar bana, bari in faɗa muku wane ne mutumin nan, don ni da na fi kowa neman laifinsa, ni na fi kowa saninsa.

Ya kasance limamin da galma ba ta barin bayan motarsa. Mu mun saba in babban mutum zai zo ƙauye a share hanya, a yanka kaji, a tare shi da ganga. Shi kuwa sai ya iso kwana ɗaya kafin ranar, ya tambayi mai wa'azin ƙauyen, "Wace gwauruwa ce ciyawa ta cinye wa gona?" Akwai wani ƙauye bayan Danko da mawaƙa suka tsaya a bakin hanya tun safe suna waƙar maraba, har muryoyinsu suka dushe. Ashe mutumin ya bi ta bayan gari, yana can yana yi wa wata tsohuwa noma. Tsohuwar ba ta san shi ba. Da ya sare mata kuɓewa guda cikin kuskure, ta tsaya a kansa ta wanke shi tas. Ta ce, "Kai wane irin ɗan ƙwadago ne da ba ka san kuɓewa ba? Wa ya aiko ka?" Ya ce, "Yi haƙuri, Mama, maigidana ne ya aiko ni." Ta ce, "To ka gaya wa maigidan naka ya riƙa duba mutanen da yake ɗauka." Washegari ta shigo coci ta gan shi cikin manyan riguna da sanda a hannu, ta juya za ta gudu. Ya ɗaga murya ya ce, "Mama, dawo ki zauna, na isar da saƙonki!"

Ya kasance mai duba hannu. Ku limamai da kuka bi ta hannunsa, na ga kuna murmushi. In saurayi ya zo neman naɗi da takardunsa, Joel zai gaisa da shi, ya ƙi sakin hannun, yana murza tafin yana neman kanta. In ya ji shi sumul, sai ya ce, "Ɗana, kanka ya yi karatu, amma hannun nan bai san jama'arsa ba tukuna." Sai ya tura shi ƙauye damina guda. Wasu sun tafi suna gunaguni. Yau su ne manyan da ke zaune a gaban nan, kuma ban ji wanda ya ce an cuce shi ba.

Ya kasance uban matan sojoji. Mu a ƙasar nan ba sai an gaya mana ba, da wuya ka samu gidan da bai ba da ɗa ga aikin soja ba, kuma mun san yadda akwati yake dawowa babu mai shi. Mu tsofaffin sojoji mukan je mu yi gaisuwa, mu sara, mu koma gida. Shi kuwa ya sa kowace ikilisiya ta ɗauki gonakin matan nan, daga huɗa har yanka, shekara bayan shekara, har 'ya'yansu su girma. Wasu dattawan coci suka tashi suka ce yana shigo musu da al'adar da ba ta Kirista ba. Ina wurin ranar. Ya ce musu, "Ni makaranta biyu na yi. A ta biyu aka koya mini wa'azi. A ta farko, a gonar surukina, aka koya mini cewa ba a barin mutum shi kaɗai a kan kunya. Ku nuna mini inda su biyun suka saɓa." Ba wanda ya sake tashi.

Ya kasance maƙwabci. Alhaji Abdulrashid, ga ka nan, ka faɗa da bakinka: shekarar da ruwan sama ya kayar da bangon masallacin unguwarku, wa ka gani cikin taɓo har gwiwa yana kwaɓa ƙasa da matasan coci? Chimaobi, ranar da gobara ta cinye shagonka a kasuwa, ka zauna a kan toka ka ce Zuru ta ishe ka, za ka koma gida, wa ya ɗauko bulo na farko a kansa ya ce maka, "Nan ne gida"? Yau 'ya'yanka sun fi ni jin Hausa.

Kada ku ce na mai da shi mala'ika. Ya kasance mai dogon wa'azi, ya fi ni nisa, har shinkafar biki takan huce. Ya kasance mai son waƙa, Allah kuwa bai ba shi murya ba. Mawaƙa sun sha wahalarsa shekara arba'in. Yana da fushi in ya ga an wulaƙanta talaka, kuma in ya yi fushi sai Hausa ta gudu ta bar shi, ya koma harshenmu na gida, baƙi su rasa me ake ciki. Kuma yana da taurin kai. Wannan kam mu biyu mun dace.

Ya yi ritaya a 2018. Na ce a raina, to, yanzu za mu gani. Sai masifar 'yan bindiga ta taso, mutanen ƙauyukan wajen Danko suka fara kwararowa Zuru da tabarmi a ka da yara a baya. Gidan da aka gina masa don ya huta ya cika maƙil, har a ƙarƙashin mangwaro ana kwana. Wanda aka ce ya huta sai ga shi yana bin masu gonaki gida-gida yana roƙon aron fili, yana raba iri, yana shiga huɗa tare da su. Bai tambayi kowa wane addini yake yi ba kafin ya ba shi tabarma. Haka aka yi damina biyar. A cikin shekarun nan wani mai hali a coci ya ji labarin golmon, ya ce zai tura tarakta ta gama gonarmu a yini ɗaya a rufe zancen. Joel ya ce masa, "Na gode, amma ba tarakta ce ta ga Saloma ta ce tana so ba." Duk da haka ni na cire rai. Na ce wa matata, "Shida zai mutu Shida."

Bana, farkon ruwa, ina zaune a ƙofar gida a Manga ina shan kunu, sai ga tsoho cikin gajeren wando, galma a kafaɗa, yana jan ƙafa ɗaya. Shekara saba'in da shida, gwiwar hagu ba ta lanƙwasuwa.

Ya ce, "Yaya, na zo."

Na ce, "Ka zo me?"

Ya ce, "Ta bakwai."

Kunun nan ya kusa sarƙe ni. Amma na daure na ɗaure fuska, na ce, "Ina 'yan golmonka? Tun da nake ban taɓa ganin golmon mutum ɗaya ba." Ya ce, "Goma sun riga mu, Philip ba ya gani." Na ce, "To?" Ya ce, "Za su zo, Yaya." Na ce, "Su wa?" Sai ya ce in nuna masa gona. Ya kuma roƙe ni kada in gaya wa limamai. Ya ce in sun ji za su zo ne don shi bishop ne, shi kuwa a gonar nan ba bishop ba ne, mai neman aure ne.

Na yanka masa ɓangaren da ke gindin dutse, inda ya fara a 1966. Jama'a, mutumin nan ya yi sassabe, ya yi huɗa, ya yi shuka, ya yi noman fari, ya yi maimai, shi kaɗai! Kunya huɗu a yini, wata rana uku, in gwiwa ta matsa masa biyu. Masu wucewa suka ɗauka likita ne ya ce ya riƙa motsa jiki. Ni kuwa kullum ina kan dutse ina duba aiki kamar yadda Baba yake yi, ina neman kunyar da ta karkace. Ban samu ba.

Ƙanwata kuma, ku tambaye ta! Tsohuwa mai jikoki tara, sai ga ta da sabon zane, ta ɗauro ɗankwali, ta kawo kunu a ƙwarya ta zauna gindin ɗorawar nan. Wata rana na kama su suna ƙus-ƙus suna dariya. Na daka tsawa na ce, "Kai, mai neman aure ba ya hira a gona!" Ya ɗauki galma da sauri ya ce, "Tuba nake, Yaya." Ita kuwa ta ɓoye fuska a zane kamar yadda ta yi shekara hamsin da takwas da suka wuce. Ban taɓa ganin ƙanwata cikin farin ciki kamar daminar bana ba.

Dawa ta tashi, ta fitar da kai, kai masu nauyi. A watan Oktoba ciwo ya kayar da shi, aka kai shi asibiti. Na je duba shi da la'asar, Saloma tana zaune a gefen gado. Ya kama hannuna ya ce, "Yaya, saura yanka." Saloma ta ɗago ta dube ni. Na san abin da take roƙo. Maganar tana bakina, jama'a, kalma biyu ce kawai. Amma na tuna odar Baba, na haɗiye ta, na ce, "To ka tashi ka je ka yanka." Ya yi dariya har tari ya kama shi. Ya ce, "Za su zo." Bayan kwana uku ya tafi. Ban taɓa nadamar wani abu a rayuwata kamar la'asar ɗin nan ba, kuma ina faɗa a gabanku don ku shaida.

Bayan jana'iza dattawan gida suka zauna. Wasu suka ce in faɗi maganar kawai a wuce wurin. Wasu suka ce wanda ya mutu ba ya cika golmo. Ni kuwa na shiga tsaka mai wuya. In na sa 'ya'yan gida suka yanke dawar, ta zama aikin gida, ba golmo ba. In na kira mutane, na karya odar Baba. In na ce an cika alhali dawa tana tsaye, na yi ƙarya a kan mutumin da bai taɓa karɓar aikin da ba a gama ba. Maƙwabta duk suka yanke nasu, tamu ta rage ita kaɗai a gindin dutse, tsuntsaye suka fara sauka. Saloma ba ta taɓa tayar mini da maganar ba. Takan gaishe ni, "Yaya, ina kwana," ta wuce. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Jiya Juma'a, rana ta ɗan ɗago, sai na ji ƙaho. Na ce kunnena ne. Na sake ji! Busar da rabona da ita shekara hamsin da wani abu! Na fito ko takalmi ban sa ba.

Ashe ranar Lahadi Philip ya sa 'yarsa ta jawo shi har cikin cocin nan. Lokacin sanarwa ya miƙe, ba wanda ya ba shi izini, ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, "Ni ne shugaban golmon Joel. Ɗan ƙungiyata ya faɗi a kan kunya, saura yanka. Mu goma sha biyu ne, saura ni, ni kuma ba na gani. Duk wanda Joel ya taɓa shiga gonarsa, ɗan golmonmu ne. Juma'a, Manga." Ya zauna. Iyakar abin da ya ce ke nan.

Jama'a, me zan gani! Hanyar Manga ta cika! Motocin ɗaukar kaya, babura, kekuna, masu ƙafa! Limamai sun naɗe wando har gwiwa. Matan sojoji sun zo da 'ya'yansu, ƙattai masu gemu, waɗanda dawar Joel ta raina. Mutanen Danko sun zo da wuƙaƙensu na yanka. Jikokin tsohuwar nan mai kuɓewa sun zo, su bakwai a kan babur biyu. Alhaji Abdulrashid ya zo da mutanen unguwarsu, yana ta cewa a yi sauri a gama kafin lokacin masallaci. Chimaobi ya rufe shago ranar ciniki, ya zo da sabuwar wuƙa ko takardar jikinta bai cire ba, yana yankan zangarniya kamar mai yanka yadi, mata suna ta yi masa tsiya. Gonar da mutum biyar za su gama a yini, sai ga mutane sun fi karan dawa yawa. Har faɗa aka fara yi a kan kara! Dole Philip ya kafa doka, kowa kai biyu zai yanka ya ba na baya wuri.

Na hau dutsen Baba, na yi tambayar da babban gida yake yi. Na ce, "Su wa ke cikin gonata?" Philip ya juyo inda ya ji muryata ya ce, "'Yan golmon Joel ne." Jama'a suka amsa gaba ɗaya har dutse ya mayar. Na bi gonar kunya-kunya ina neman kai ɗaya da aka bari, ko zangarniya ɗaya da aka taka. Babu. Kafin Alhaji ya duba agogonsa sau uku an ɗaure dami an jera. Na tsaya a tsakiyar gona, tsohon saje, wanda ya ga yaƙi bai yi hawaye ba, na yi kuka kamar an yi mini duka. Ya ce za su zo. Ni ne ban gane cewa shekara hamsin yana tara su ba.

Justice, ɗana, zo ka yaye zanen nan, ka taya kawunka ɗagawa, ƙarfin ya tafi. Gladys, kama hannun mamanki ki kawo ta nan gaba. Matan Manga, ku miƙe tsaye, ku ne nake so ku fi kowa gani.

Saloma. Ƙanwata. Ki dube ni, kada ki duba tukunya yau. Na ga duk ranakun da kika wuce bayan madafa, na yi shiru. Na ga idonki a asibiti, na yi shiru. Ki yafe mini. Baba ya ce kada a yafe masa, ba a yafe masa ba. Ya ce kada a kira shi, ba a kira shi ba, da ƙafarsa ya zo. Ya yi shida da ƙuruciya, ya yi ta bakwai da furfura, 'yan golmonsa sun yanke masa. Ga daminki na farko. Ni Aaron, babban gidan Dudu, a madadin Baba, a gaban Allah da jama'ar nan, na ce: an cika.

An cika, Saloma! Mata, ina guɗa? Ku ƙara, ba a ji a Manga ba!

Gladys, Justice, ku saurare ni. Kada ku ci damin nan, ku ajiye shi iri. Galmar babanku tana gidana, ba za ta shiga akwatin gilashi ba. Duk wanda ya ji ciyawa ta cinye gonar wata gwauruwa, ya zo ya ɗauka. Mamanku kuma kada ku bar ta ita kaɗai a kan kunya. Mu ma mutanen Zuru mun ɗauki wannan a wuyanmu, Kirista da Musulmi, ɗan gari da baƙo.

Ina godiya ga iyayenmu bishop-bishop da sarakuna da suka jure dogon surutun tsoho. Ina godiya ga duk wanda ya yanki kai biyu jiya, da wanda ya zo bai samu kara ba. Philip, abokina, kai ban san da bakin da zan gode maka ba. Wanda ya ba ni minti goma kuma ya yi haƙuri.

Mu sunkuyar da kai.

Ya Ubangiji Allah, kai da ka kira bawanka daga gonar babana zuwa taka, mun gode da ka ara mana shi shekara saba'in da shida. Ka ta'azantar da Saloma, ka riƙe 'ya'yansa da jikokinsa. Ka mai da mutanen Danko gidajensu lafiya, ka ba ƙasarmu salama, ka kai kowa gida lafiya. Ka gafarta wa tsohon da ya riƙe kalma biyu a bakinsa har lokaci ya wuce. In kuma da hali, ya Ubangiji, ka isar mini da saƙo, tun da ni ban faɗa masa yana ji ba. Ka ce masa in ji Yaya: Bishop, ajiye galma, ka cika bakwai. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.